Furoton 11, Elektiron 10: Yadda Na Koyi Gane Atam da Ayon

Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin tambayoyin kemistiri, na WAEC ne ko na NECO ko na JAMB, ya san wani ɗan tebur da ba ya ɓacewa. Layi huɗu ne ko biyar, an laƙaba wa kowanne harafi, P, Q, R, S, a gaban kowane harafi kuma lambobi uku: yawan furoton, yawan niyutiron, yawan elektiron. A ƙasa sai a tambaye ka wanne ne atam, wanne ne ayon, waɗanne biyu ne sinadari ɗaya. Ba suna, ba hoto, lambobi ne zalla.

Ni da girmana na gamu da shi. Ɓangaren adabi na yi a sakandare, ina gamawa na kama zaman kemis a Zariya, ina sayar da magani a ƙarƙashin maigidana. Da na ƙudurta shiga kwalejin koyon aikin lafiya in karanci gwaje-gwajen asibiti, aka ce sai na kawo kiredit a kemistiri da fiziks da bayoloji. Na yi rajistar jarrabawar 'yan waje, na shiga lesin da ake yi a wani ajin firamare bayan sallar isha'i, a kan bencin da ya yi wa gwiwoyina kaɗan. Yaran ajin duk na girme su nesa ba kusa ba. Dakta suke ce min, har Malam ma ya ɗauka.

Ranar da muka iso kan wannan darasi, Malam bai kula allo ba. Leda ya zazzage a kan tebur: murafan kwalaben lemo, wasu ja wasu fari, da ɗan ƙullin wake. Ya ɗauki alli ya zana ƙaramar da'ira a tsakiyar teburin, ya kewaye ta da manya guda uku. Jan murfi shi ne furoton, mai cajin ƙari. Farin murfi niyutiron ne, ba shi da caji ko kaɗan, nauyi kawai gare shi, kusan daidai da na furoton. Su biyun a ƙaramar da'irar suke zama, wato cibiyar atam. Wake kuwa elektiron ne, mai cajin ragi, a da'irorin waje yake yawo, nauyinsa bai taka kara ya karya ba: sai an tara elektiron wajen 1,836 kafin su kai nauyin furoton ɗaya.

Ya ƙirga jan murfi 11 ya zuba a tsakiya, ya bi su da fari 12. Sannan ya jera wake: biyu a da'irar farko, takwas a ta biyu, ɗaya tilo a ta uku. Ya nuna jadawalin sinadarai da ya liƙa a bango da salatif.

"Dakta, wane ne wannan?"

Na bi jadawalin da yatsa har gida na 11, na ce, "Sodiyom ne, Malam."

Ya sa yatsu biyu ya ɗauke waken nan da ke da'ira ta uku, ya jefa a aljihun gaban rigarsa. "Yanzu fa?"

Aji ya rabu. Wata yarinya a gaba ta ce niyon ne, tunda wake ya koma goma, niyon kuma shi ne na goma a jadawali. Wasu suka mara mata baya. Malam ya ce ta taso ta ƙirga jajayen. Ta ƙirga, 11 ne. Ya ce, "To sodiyom ne har gobe. Ko waken nan duka na kwashe na kai gida aka dafa, muddin jajayen nan 11 ne, sodiyom ne. Abin da ya faru kawai, ya tashi daga atam ya koma ayon." Ya juyo wajena. "Kuma Dakta, wanda ke cikin shagonka, a ORS da ledar ƙarin ruwa, wannan na biyun ne. Da na farkon kake bai wa mutane, da tuni kana hannun hukuma."

Sai daga baya na gane abin da yake nufi. Sodiyom mai cikakken elektiron 11 ƙarfe ne mai taushi da wuƙa ke yankawa, a cikin mai ake ajiye shi don kada iska ko danshi su taɓa shi, in aka jefa ɗan gutsure a ruwa sai ya dinga tsere a kai yana huci, wani lokaci har ya kama da wuta. Kulorin mai elektiron 17 iska ce mai guba, ruwan ɗorawa-ɗorawa kore-kore, wadda aka yi amfani da ita a kan sojoji a yaƙin duniya na farko a 1915. Amma da zarar sodiyom ya miƙa wa kulorin wannan elektiron ɗaya, an samu Na⁺ da Cl⁻, wato ayon ɗin sodiyom da na kulorin, gishirin miya ke nan. Elektiron ɗaya ne ya sauya wuri, babu abin da ya taɓa cibiyar kowannensu.

To daga wannan dare na kama hanyar da har yau nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci. Furoton nake fara nema, in rufe sauran lambobin da babban yatsa in ya kama. Yawan furoton shi ne lambar atam, lambar atam kuma ita ce gidan sinadari a jadawali. Takwas oksijin ne, 13 alminiyom, 26 ƙarfe, 79 zinare, 82 dalma. Babu sinadarai biyu masu yawan furoton ɗaya. Sai na rubuta sunan tukuna nake ɗaga yatsana in duba elektiron.

Nan ne wurin da ya fi ɗaure wa mutane kai, ni ma ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna min. An cire abu, amma alamar ƙari ake sawa. An ƙara abu, amma alamar ragi ake sawa. Hankali ba ya son karɓar wannan da farko, musamman ga wanda ya saba da lissafin shago. Malam bai yi dogon bayani ba. Ya ce in kwashe komai daga da'irorin in jera su bibbiyu, kowane jan murfi da wakensa ɗaya. Na jera. Jan murfi goma suka samu wake, ɗaya ya rage shi kaɗai. "Me ya rage?" Na ce ja ɗaya. "Ja wane caji gare shi?" Na ce ƙari. "To rubuta." Na rubuta Na⁺. Muka sake da kulorin da ya karɓi elektiron: ja 17, wake 18. Wannan karon wake ne ya rage, guda ɗaya, sai Cl⁻. Alamar ba ta faɗin abin da aka yi wa atam ɗin, tana faɗin wanda ya rage ba shi da abokin tsayuwa. In an fi son a gajarce, a ɗebe yawan elektiron daga yawan furoton: 11 a cire 10 saura ɗaya na ƙari, 17 a cire 18 an shiga ragi da ɗaya, in babu saura, atam ne lafiyayye mara caji. A takardar jarrabawa, mai cajin ƙari katayon suke kiransa, mai cajin ragi anayon.

Niyutiron ne na ƙarshe, aikinsa kuma kaɗan ne a nan. Ka haɗa shi da furoton, ka samu lambar nauyi. Sodiyom ɗinmu 11 da 12, 23 ke nan. Ba a sa elektiron a wannan lissafi, saboda rashin nauyinsa, shi ya sa Na da Na⁺ lambar nauyinsu ɗaya.

Akwai abin da babu makawa sai an haddace, shi ne sinadarai 20 na farko a jere, daga haidirojin zuwa kalsiyom, domin ba a shiga ɗakin jarrabawa da jadawali. Yaran ajin da wata waƙar Turanci suke riƙe su, wadda farkon kowace kalma ke tuna musu sinadari. Ni ban iya da ita ba. A bayan kwalin farasitamol na rubuta su layi-layi yadda suke a jadawali, biyu a sama, takwas, takwas, sai biyu, na jingina shi a jikin akwatin kuɗi. In ba kowa a shago sai in rufe layi ɗaya in karanto. Amfanin haddace su a haka ya fi na waƙa, a ganina, don kana ganin wanda ke ƙarƙashin wani: sodiyom a ƙarƙashin litiyom, fotasiyom a ƙarƙashin sodiyom, kulorin a ƙarƙashin fulorin. Masu layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa halinsu ɗaya wajen bayarwa ko karɓar elektiron.

Ga irin aikin gidan da Malam ya ba mu, har yanzu yana cikin littafina:

P: furoton 17, niyutiron 18, elektiron 17
Q: furoton 17, niyutiron 20, elektiron 17
R: furoton 17, niyutiron 18, elektiron 18
S: furoton 18, niyutiron 22, elektiron 18
T: furoton 19, niyutiron 20, elektiron 18

Mai tsara irin wannan tambaya ya san inda ido ke zamewa. Ya cika teburin da 17 da 18 da 20 don ka haɗa abubuwan da ba su da dangantaka. Na zauna da shi a shago da safe kafin a fara shigowa. Layin furoton kawai na bi daga sama zuwa ƙasa: 17, 17, 17, 18, 19. Ke nan P da Q da R duk kulorin ne, S agon, T fotasiyom. Rabin aikin ya ƙare tun ban kalli sauran lambobin ba. Na dawo kan elektiron. P da Q da S furoton ɗinsu da elektiron ɗinsu daidai suke, atam ne. R elektiron ya ɗara da ɗaya, Cl⁻. T furoton ya ɗara da ɗaya, K⁺. Sai nauyi: P 35, Q 37, R 35, S 40, T 39.

R da S da T duk elektiron 18 gare su, tsarinsu ɗaya, 2, 8, 8, amma sinadarai uku ne mabambanta. Q da T kuwa kowanne niyutiron 20, wannan ma bai haɗa su da komai ba, tarko ne kurum. Dangantakar gaske tana tsakanin P da Q: sinadari ɗaya, nauyi biyu. Su ake kira aisotof.

Aisotof ne ya warware min wani abu da ya daɗe yana damuna a jadawalin bango. A ƙarƙashin kulorin an rubuta 35.5. In nauyi furoton ne da niyutiron, ina aka samo rabi? An raba niyutiron biyu ne? Na tambayi Malam, ya yi dariya ya ce babu atam ɗin kulorin ko ɗaya a duniya mai nauyin 35.5. A duk inda ka ɗebo kulorin, a gishirin teku ne ko na Bilma, kusan uku cikin kowane huɗu masu nauyin 35 ne, ɗaya mai 37. Ka tara 35 sau uku, 105, ka ƙara 37, 142, ka raba gida huɗu, 35.5. Matsakaici ne. Wannan yana da amfani a jarrabawa ta wata fuska: kada ka ɗauki lambar jadawali mai ɗigo ka ce za ka cire furoton ka samu niyutiron. Lambar nauyin da aka ba ka a tambaya ita za ka yi aiki da ita.

Haka kuma nauyi ɗaya ba ya nufin sinadari ɗaya. Agon mai furoton 18 da niyutiron 22 nauyinsa 40. Kalsiyom mai 20 da 20 shi ma 40. Akwai ma wani fotasiyom da ba shi da yawa, mai 19 da 21, shi ma 40. In ka ce da nauyi za ka gane suna, ka shiga uku.

Ashe ba mu ne farkon waɗanda nauyi ya ruɗa ba. Lokacin da Mendeleyef, masanin nan ɗan Rasha, ya fitar da jadawalinsa a 1869, ba wanda ya san da furoton. Da nauyi ya jera sinadaran, yana lura da halayensu. Sai wasu suka ƙi zama: teluriyom ya fi aidin nauyi, amma halin aidin irin na su kulorin ne, dole sai ya zo bayan teluriyom kafin ya faɗa layinsu. Mendeleyef ya bi hali ya saɓa wa nauyi, yana zaton awon ne ba a yi daidai ba. Irin wannan saɓani yana nan tsakanin agon da fotasiyom a kan kwalina: agon 39.9, fotasiyom 39.1, amma agon ne a gaba. Sai a 1913 wani matashi a Ingila, Henri Mozli, ya auna hasken eksire da sinadarai daban-daban ke fitarwa, ya ga yana hawa mataki-mataki daidai da lambar gidan kowanne. Ya tabbata cajin cibiya ne ke jera su. Har ya nuna gidajen da ba kowa a lokacin, 43 da 61 da 72 da 75, daga baya duk aka cike su. An kashe shi a yaƙi a Galifoli, ƙasar Turkiyya, a 1915, yana ɗan shekara 27. Niyutiron kuwa sai a 1932 Jemis Cadwik ya gano shi, shekara 35 bayan Tomsin ya gano elektiron a 1897. Abin da ake bai wa ɗan aji huɗu na sakandare a darasi ɗaya, manyan masana sun fi shekara sittin suna haɗa shi. Da na san haka sai na daina jin nauyin yin tambaya a gaban yara.

Mataki na gaba shi ne juya tambayar. A ba ka alama, kai ka fitar da lambobin. Rubutun yana da ƙa'ida: lambar nauyi a sama ta hagu, lambar atam a ƙasa ta hagu, caji a sama ta dama. In aka ce ²⁷Al³⁺, na san alminiyom na 13 ne, furoton 13 ke nan. Niyutiron, 27 a cire 13, saura 14. Cajin ƙari uku na nufin jan murfi uku sun rasa wake, elektiron 10. Wannan ayon ɗin shi ke cikin alif da ake kaɗawa a ruwan rijiya ya kwantar da laka. In aka ce ¹⁶O²⁻, furoton 8, niyutiron 8, elektiron 10. Ga ²⁴Mg²⁺, 12 da 12 da 10. Ga ¹⁹F⁻, wanda ke cikin man goge baki, 9 da 10 da 10.

Da na jera waɗannan a shafi ɗaya sai na ga duk a kan goma suke tsayawa. Sodiyom ya ajiye ɗaya ya sauko goma, magnisiyom biyu, alminiyom uku. Fulorin ya karɓi ɗaya ya hau goma, oksijin biyu, naitirojin uku. Goma kuma shi ne tsarin niyon, 2, 8, da'irar waje a cike. A layi na gaba kowa 18 yake nema, tsarin agon: fotasiyom ya ajiye ɗaya, kalsiyom biyu, kulorin ya karɓi ɗaya, farar wuta biyu. Daga nan ban ƙara haddace cajin kowane ayon ba. Ina rubuta tsarin elektiron ɗin in duba lambar ƙarshe. In ɗaya ce ko biyu ko uku, zubarwa zai yi, cajin ƙari ne. In biyar ce ko shida ko bakwai, cikawa zai yi ya kai takwas, cajin ragi ne. Kabon mai huɗu ba ya yin ko ɗaya cikin sauƙi, tarayya yake yi da maƙwabci, wannan kuma darasin wani mako ne. Akwai wata tambaya da ke biyo baya a nan, wadda murafan suka amsa min ba tare da littafi ba: Na da Na⁺ wanne ya fi girma? Da Malam ya ɗauke wake ɗayan nan, da'ira ta uku gaba ɗaya ta zama fanko. Ayon ɗin ya ƙanƙance. Cl⁻ kuwa ya fi Cl faɗi, saboda furoton 17 ne ke riƙe da elektiron 18, riƙon ya ɗan sassauta.

Haidirojin shi ne ɗan autan ban mamaki, ko da yake shi ne na farko. Furoton ɗaya, elektiron ɗaya, mafi yawansa babu niyutiron sam. In ya rasa elektiron ɗin, H⁺ ke nan, furoton tsirara. Shi ne ke sa lemon tsami tsami, shi ne kuma ke sa ruwan batir cin tufafi; bambancin yawa ne.

Wannan tsari na 2, 8, 8 yana aiki lafiya lau har kalsiyom, daga nan sai ya fara ƙin ji. Ƙarfe ya nuna min haka, a kan kantata. Ƙwayar ƙarin jini da muke bai wa masu juna biyu, feros salfet, ƙarfen da ke ciki Fe²⁺ ne: furoton 26, niyutiron 30 a mafi yawansa, elektiron 24. Tsatsar da ke cin ƙyauren shagon kuwa Fe³⁺ ce, elektiron 23. Sinadari ɗaya, ayon iri biyu, kuma babu wanda ya kai ga 18. Hanji ya fi tsotsar Fe²⁺, shi ya sa ake son a haɗa maganin da lemon zaƙi ko bitamin C, wanda ke taimakawa ya mayar da Fe³⁺ zuwa Fe²⁺. Na daɗe ina faɗa wa mata su sha da lemo don haka aka koya min a shago, sai a lesin na san dalili. Ga irin su ƙarfe da jan ƙarfe ba a cankar caji daga tsarin da'ira, dole a faɗa maka shi ko a ba ka yawan elektiron. Amma dokar ɗebewa ba ta canzawa, 26 a cire 23, uku na ƙari.

Wani yaro mai kaifin kai ya taɓa tambayar Malam, tunda ana cire wake, me zai hana a cire jan murfi? Malam ya ce a duk abin da za mu yi a lab, ƙonawa ne ko narkarwa ko haɗa ruwa da ruwa, hannunmu ba ya kaiwa cibiya. Elektiron kawai ke kai-kawo. Cibiya tana canzawa ne a wani irin al'amari na daban, ya kuma ba mu misali da abin da ke kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale binne a ƙasa. Da aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000. Da kabon aka auna. Kabon na yau da kullum furoton 6 ne da niyutiron 6, amma akwai ɗan kaɗan mai niyutiron 8, kabon-14, wanda itace ke sha daga iska muddin yana raye. In an sare shi, sha ya tsaya, wanda ke ciki kuma yana raguwa da rabi duk shekara 5,730. Yadda yake raguwar shi ne abin lura. Malam ya jera ja shida da fari takwas, ya ɗauke fari ɗaya ya sa ja a madadinsa. Niyutiron ɗaya ya rikiɗe ya zama furoton. Ja bakwai, fari bakwai, nauyi na nan 14, amma ba kabon ba ne kuma, naitirojin ne. A nan kaɗai muka ga suna ya canza, kuma sai da yawan ja ya canza.

Ya ƙara da yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Furoton 92 ne. Kusan kashi 99.3 cikin ɗari mai niyutiron 146 ne, nauyi 238. Ɗan ragowar, kashi 0.7, mai niyutiron 143 ne, nauyi 235, kuma shi ne wanda tashoshin nukiliya suka fi buƙata. Tunda furoton ɗinsu da elektiron ɗinsu ɗaya ne, babu wani ruwan sinadari da za ka zuba ya raba su cikin sauƙi, sai injuna masu juyawa da matsanancin gudu da ke amfani da wannan ɗan bambancin nauyi na niyutiron uku. Tace yuraniyom da muke ji kullum a rediyo in ana maganar Iran, wannan aikin ke nan.

Ban ce zanen da'irorin nan shi ne ainihin kamannin atam ba. Da muka yi gaba Malam da kansa ya goge su ya kawo wani tsari mai haruffa, ya ce elektiron ba ya bin layi kamar yadda alli ya nuna. Amma wajen ƙirga, da'irorin sun wadatar, kuma na fi yarda da malamin da zai sa ka jera murfi da hannunka a kan wanda zai rubuta haruffa uku da alamar daidai a allo ya ce a haddace. Na ga yaran da suka haddace ƙa'idar tsaf, amma da an ce Ca²⁺, ayon ɗin kalsiyom, sai su ƙara biyu a kan 20 su rubuta elektiron 22, don sun ga alamar ƙari. Wanda ya taɓa ganin ja biyu sun rasa wake, 18 zai rubuta ko cikin barci.

A jarrabawar, tambayar ta zo a ɓangaren zaɓi, ta sake leƙowa a na rubutu, ban ɓata lokaci a kanta ba. Kiredit ɗin ya samu, alhamdu lillahi.

Inda abin ya fi yi min amfani shi ne bayan na fara zuwa lab ɗin asibiti koyon aiki. Takardar gwajin gishirin jini, wadda ake yawan rubuta wa masu ciwon ƙoda da masu gudawa mai tsanani, ayon ne jere a kanta: Na⁺, K⁺, Cl⁻, HCO₃⁻. Na sodiyom ana son ya tsaya tsakanin 135 da 145, na fotasiyom tsakanin 3.5 da 5 ko ɗan sama kaɗan, gwargwadon ma'aunin kowane lab, kuma in fotasiyom ya haura sosai bugun zuciya ne ke rikicewa, shi ya sa ba a ajiye irin wannan sakamako a tire, kai tsaye ake sanar da likita. Ukun farko na san su tun daga teburin Malam. Na huɗun ne sabo, don atam biyar ne a dunƙule suke ɗauke da caji ɗaya. Ogan da ke koya min ya ga ina lissafi a gefen takarda ya ce, "Malam, me kake ƙirgawa kuma?" Na ce elektiron, ranka ya daɗe. Haidirojin furoton ɗaya, kabon shida, oksijin uku kowanne takwas, 24. Jimla 31. Cajin ragi ɗaya, ke nan elektiron 32. In ya saki haidirojin ɗin ya bar elektiron ɗinsa a baya, furoton sun koma 30, elektiron na nan 32, sai CO₃²⁻, wanda shi da HCO₃⁻ ɗin da sodiyom ne mafi yawan abin da ke cikin kanwa. Oga ya ce to madalla, in na gama in je in wanke kwalaben gwaji, layi ya fara tsawo a waje.